Wasiƙa zuwa ga aminina kan darasin zafi

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali. Mu ma alhamdu lillahi, sai hunturu da ya sauko mana da ƙarfinsa.

Ka tambayi yadda nake fama da 'yan aji biyu na babbar sakandare. Wannan zangon darasin zafi muke yi a fiziks, kuma na ƙudurta ba zan bar su su haddace lissafi don WAEC kawai ba. Da sassafe na sa su taɓa ƙarfen taga da katakon benci. Kowa ya rantse ƙarfen ya fi sanyi. Da muka ɗora ma'aunin zafi, ashe daidai suke, ƙarfen dai ya fi saurin janye ɗumin hannu ne. Akwai wata yarinya da har yau ba ta yarda ba, kuma wallahi gardamarta tana burge ni.

Inda muka fi daɗewa shi ne tafasar ruwa. Muka ɗora tukunya a risho, ma'auni ya yi ta hawa, da ya kusa digiri 100 sai ya tsaya cak, ga wuta tana ci. To ina zafin yake tafiya? Da kilojul ake auna yawan zafin da abu ya sha. Kilo ɗaya na ruwa yana shan kimanin kilojul 420 daga digiri 0 zuwa 100, amma kafin ya ƙare ya zama tururi sai ya sha wajen 2,260, fiye da ninki biyar. Daga nan na kai su ga randa. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta, in zai bushe, zafin ruwan ciki yake kwashewa, shi ya sa ta fi sanyaya ruwa da rani a kan damina. Na ba su labarin Mohammed Bah Abba, malamin nan na Jigawa da ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don kayan miya su daɗe, har ya samu lambar yabo ta kamfanin Rolex a 2000. Yanzu su ma sun haɗa tasu a bayan aji, suna auna ta kullum.

Mako mai zuwa za mu shiga gwajin James Joule na Ingila, wanda ya nuna cewa motsa ruwa da kansa yana ɗumama shi. Matsalata ma'auni biyu ne kacal ga ajin duka. In ka samu mai zuwa, don Allah ka aiko mini ko da biyar ne.

Ka gaishe mini da mutanen gida.

Naka,
Amininka