Shirinku na ranar Laraba kan filayen fakin bai yi mana adalci ba

Assalamu alaikum Malam Edita,

Wallahi tun ranar Laraba abin nan yake ci na a rai, na ce sai na rubuto ko zan samu sauƙi. Kusan rabin awa kuka ba mutumin nan mai shago yana ta nanata cewa in aka gina gidaje a filayen fakin na tsakiyar gari to kasuwa ta mutu, kwastoma ba za su ƙara zuwa ba, shi kuma mai gabatarwa "haka ne, haka ne" kawai yake ta faɗi, ko tambaya ɗaya mai nauyi bai yi masa ba. To mu fa? Mu da muke aiki a tsakiyar garin amma ba mu da halin kwana a cikinsa, ko mutum ɗaya ba ku nemo ba.

Ni shara da goge-goge nake yi a ofisoshi, shekara 6 kenan, ina tashi aiki ƙarfe 11 na dare. Daga ƙofar ginin zuwa inda nake shiga bas sai na ratsa filin fakin har guda uku a jere, kuma a wannan lokacin babu mota ko ɗaya, sai kwalta da duhu da fitila ɗaya da take ta ƙiftawa tun bara ba wanda ya waiwaye ta. A nan aka fizge min jaka, na yi ihu har muryata ta dishe, babu taga ko ɗaya da wani zai leƙo ya ga abin da ke faruwa saboda babu mai zama a wurin, ƙarfe 6 na yamma kowa ya ja motarsa ya tafi. Har yau in na zo daidai wurin gabana faɗuwa yake. Bayan haka bas biyu zan hau, sama da awa ɗaya kafin na isa gida, yarana sun daɗe da yin barci, da safe kuma ban gama farkawa ba sun tafi makaranta. Wannan filin ne baƙonku yake roƙon a bar shi yanda yake.

Ku yi lissafi mana. Mota ɗaya, in ka haɗa da hanyar shiga da fita, tana cin kusan murabba'in mita 30, wato ɗaki da banɗaki da ɗan kicin na mutum guda. Marigayi Farfesa Donald Shoup, masanin tsara birane na jami'ar UCLA da ke Amurka, tun 2005 ya nuna cewa mota a ajiye take kusan kashi 95 cikin 100 na lokacinta. Filin da zai ɗauki mota 100 in aka ɗora masa bene hawa biyar iyalai nawa za su samu wurin sa haƙarƙarinsu? Kuma waɗannan mutanen su ne kwastoman da mai shagon yake kukan zai rasa, za su sauko daga bene su saya a wurinsa safe da dare harda ranar hutu, ba sai sun zo da mota ba.

Ba sabon abu ba ne fa. Birnin Buffalo a Amurka, wanda mutanensa ba su kai dubu 300 ba, ya soke dokar da ke tilasta wa mai gini tanadar wurin fakin tun 2017, Edmonton a Kanada ta bi sahu a 2020. Me ya hana mai gabatarwa ya tambaye shi ko kasuwa ta mutu a can? Sannan ba ku taɓo masu filayen ba sam, waɗanda harajin da suke biya kaɗan ne tunda babu gini a kai, suna karɓar kuɗin fakin suna jiran ƙasa ta yi tsada.

Ban ce a hana kowa ajiye mota ba, a bar wa naƙasassu da tsofaffi da masu sauke kaya wurinsu. Akwai ma ginin fakin mai hawa-hawa kusa da inda nake aiki, hawa biyun sama kullum wayam nake ganinsu. Tsorona ɗaya, kar a gina gidajen da sai manya ne za su iya biyan hayarsu, in haka ta faru ni dai ina nan a bas ɗina. Wannan ita ce tambayar da ya kamata ku yi wa 'yan majalisar birni, gida nawa za a ware wa masu ƙaramin albashi.

Af, layin wayar da kuke cewa masu sauraro su kira, sau tara na kira ranar nan yana ta ringin ba a ɗauka ba, kuma ba yau farau ba. In ba ya aiki ku daina karanta mana lambar. Ku sake shirin don Allah, ku gayyato mai shara ko mai gadi, ni kaina zan zo in kun sa shi kafin ƙarfe 3 na rana.

Taku mai sauraro a kullum