Abin da ya cika gidajen sinima a Jidda

Ranka ya daɗe Edita,

Ina neman fili in amsa wa masu cewa kuɗin talla kaɗai ke sa fim ya yi kasuwa. Mu da ke zaune a Jidda mun ga saɓanin haka.

Sama da shekara 30 babu gidan sinima a Saudiyya, sai a Afrilun 2018 aka buɗe na farko a Riyad. Da fari finafinan Amurka da na Masar ne suka cinye kasuwar. Amma a ƙarshen 2022 fim ɗin barkwanci na gida, Sattar, ya fito, ya ja mutane tamkar ranar salla, domin jama'a na ƙishin yin dariya da harshensu.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne Mandoob na 2023, labarin mutumin da ya rasa aiki ya koma kai saƙonni da mota cikin daren Riyad, ga mahaifi ba lafiya. Na kalla tare da ƙanena, wanda sana'arsa ke nan. Har aka tashi bai taɓa gugguru ba. Da muka fito ya ce, "Yaya, wallahi ni aka ɗauka." Washegari ya kai abokan aikinsa huɗu, ga tikiti da tsada.

Ina roƙon 'yan Kannywood su dubi wannan. Mu Hausawan Makka da Jidda muna da labarin iƙama (takardar izinin zama), haya da kewar gida, kuma har yau muna jiran mai ɗauka.

Mai karanta jaridarku,
Jidda