Wanda aka hana makaranta, kada a hana shi ƙuri'a

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Na rubuto ne a kan shirinku na daren Lahadi, kuma ba zan ɓoye maka ba, raina ya ɓaci matuƙa. Baƙon naku ya buɗe baki ya ce wanda bai iya karatu da rubutu ba bai cancanci jefa ƙuri'a ba, wai su ne ke ɓata zaɓe. Shi kuwa mai gabatarwa sai "haka ne" yake ta yi, ko tambaya ɗaya bai mayar masa ba. Haba!

Ni malamin ajin yaƙi da jahilci ne, da mutanen nan da ya raina nake wuni. Akwai wata dattijuwa a ajina, in ta riƙe fensir hannunta har rawa yake, ta danna shi sai ya huda takarda. Amma tambaye ta alkawuran da wakilinsu ya ɗauka lokacin kamfen, za ta jero maka su tiryan-tiryan, da wanda ya cika da wanda ya watsar. Da ta fara haɗa baƙi, ta karanta allon wani aikin asibiti, ta ga an rubuta an kammala alhali ko rufi ba a yi ba. Washegari ta tara mata 'yan'uwanta suka tafi neman bayani. Karatu hujja ya ƙara mata, hankalin kuwa da abinta ta zo.

To wa ya hana ta makaranta tana ƙarama? Ita ta ƙi gina ajin, ko ita ta ƙi biyan malamai? An bar jaki ana dukan taiki. Sanarwar kare haƙƙin ɗan'adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948, sashe na 26 ya ce ilimin firamare kyauta ne kuma dole, sashe na 21 ya ba kowa damar zaɓe. Gwamnatin da ta gaza a na farko ba ta da bakin ƙwace na biyu.

Da mai gabatarwa ya yi shiri, da ya tuna wa baƙon cewa an taɓa gwada shawararsa. A jihohin kudancin Amurka da jarabawar karatu aka riƙa hana baƙar fata zaɓe, har sai da dokar haƙƙin zaɓe ta 1965 ta taka wa abin birki. Brazil ba ta ba marasa karatu ƙuri'a ba sai 1985. Indiya kuwa ta fara zaɓenta na farko a 1951, lokacin da ko mutum ɗaya cikin biyar bai iya karatu ba, aka ba kowace jam'iyya alama, jama'a suka zaɓa. Sannan mai sauya alƙaluman zaɓe, ai da biro yake yi, kuma ya yi makaranta.

Ina roƙon ku dawo da baƙon nan, ku haɗa shi da malamin ajin manya ko ɗalibinsa, a yi ta a gaban masu sauraro.

Af, kafin in manta. Ku dubi girman Allah ku rage kiɗan da kuke sawa a ƙarƙashin labarai, yana danne muryar mai karantawa, dattawa ba sa jin komai.

Wassalam.
Naku mai sauraro a kullum.