Alƙalai sun yaba, amma littafin bai iso Bauchi ba

Ranka ya daɗe Edita,

Na ji daɗin labarin da kuka kawo na tarin gajerun labarai da ya kai zagayen ƙarshe a gasar marubuta, har alƙalai suka yaba masa. Ni malamin Hausa ne a wata makarantar sakandare, shekara goma sha bakwai ke nan ina riƙe da alli, na kuma san gajeren labari ba wasan yara ba ne. A shafi huɗu ko biyar ake so marubuci ya gina mutum, ya jefa shi cikin matsala, ya bar mai karatu da tunani.

Mu a Bauchi mun san amfanin gasa. Daga gasar da aka shirya a Zariya a 1933 Shaihu Umar na marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fito, har gobe kuma ana karanta shi a aji. Hikayata ta BBC Hausa ma, tun 2016, ta fito da mata marubuta da dama.

Ga kukana. Ranar Asabar na zagaya shagunan littattafai uku a kasuwar Wunti, rana na dukana, ban samu littafin ba. Wani mai shago ma ya ɗauka littafin jarrabawa nake nema. Ɗalibaina kuwa sun dame ni da tambaya.

Don Allah ku nemi izinin marubucin, ku buga mana ko labari ɗaya ne, tare da cikakken bayanin alƙalan, in karanta wa yaran nan ranar Litinin.

Naku,
Malamin Hausa, unguwar Jahun, Bauchi