Gaisuwar Sallah daga Jamus

Zuwa ga Baba da Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ina yi muku barka da Sallah. Allah ya karɓi ibadarmu, ya maimaita mana.

Da muka sauko daga idi, na wuce da jikanku zauren da nake taimakawa a ƙarshen mako, inda matasa 'yan gudun hijira suka baje zane-zanensu da waƙoƙin da suka rubuta. Yawancinsu 'yan Siriya ne da aka shigo da su a goye ko a kafaɗa a shekarar 2015, lokacin da masu neman mafaka kusan 890,000 suka iso ƙasar nan. Yau ga su samari da 'yanmata, Jamusanci ya fi Larabci zama a bakinsu.

Aikin wata yarinya ne ya fi tsayar da ni. Ta rubuta waƙa a babbar takarda, Larabci ya taso daga dama, Jamusanci ya taso daga hagu, a inda suka haɗu kuma ta zana ƙofar gidansu na birnin Halab da ke Siriya, wadda ba ta san ta ba sai a hoton da ke wayar mahaifiyarta. Malaminta ya so ta zaɓi harshe ɗaya, ta ƙi, kuma a ganina ita ce da gaskiya. Tun da gwamnatin shugaba Assad ta Siriya ta faɗi a Disambar 2024 ake tambayar yaran nan yaushe za su koma gida, alhali idan suka buga waya can, 'yan'uwa dariyar Larabcinsu suke yi. Abin da nauyin baki ya hana su faɗa wa iyaye da malamai, shi suke zubawa a takarda.

Baba, ni ba yaƙi ne ya koro ni ba, amma jikanku ya daɗe tsaye gaban takardar nan, sannan ya tambaye ni ko ana rubuta Hausa daga dama. Na ce masa ana yi, da ajami, sai dai kunya ta kama ni, domin hannuna ya manta. Ina roƙon ka rubuta masa layi biyu ko uku da hannunka, a ɗauki hotonsu a turo mana, yana so ya kwaikwaya.

A gaishe mini da kowa da kowa.

Naku,
ɗanku