Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Wanda Ya Kira Ni Maƙiyin Ci Gaba

Assalamu alaikum, ƙanena.

Na ji tambayar da ka jefo mini a rediyo, inda ka ce in fito in faɗa wa jama'a ko so nake Gombe ta dawwama a matsayin ƙauye, tunda na ce a gyara abin da ke ƙasa kafin a ɗora sabon harsashi. Ka kuma ƙara da cewa wai haushin rashin samun kwangila ke damuna. Wannan ta biyun ba zan ɓata tawada a kanta ba, domin waɗanda suka san ni sun san ban taɓa kai takardar neman kwangila ofishin kowa ba, kuma ban tabbata kai za ka iya rantsuwa a kan haka ba.

Kalmar maƙiyin ci gaba ce ta yi mini zafi. Tun kafin a yanke jihar nan daga Bauchi a 1996 nake bin bututu da sifana a hannu. Saboda haka bari ni ma in tambaye ka. Layin dogo ya ratsa ta Gombe ya isa Maiduguri a 1964, kuma da shi iyayenmu suka yi jigilar auduga da gyaɗa. Yaushe rabonka da jin kukan jirgi a tasha? An kammala madatsar ruwa ta Dadin Kowa a kan kogin Gongola a 1984, amma sai da aka haura shekara 30 kafin injinan lantarkinta masu megawat 40 su fara aiki. Shin rashin gini ne ya jawo wannan?

A unguwarmu akwai rijiyar burtsatse da aka buɗe da kaɗe-kaɗe da yanka ƙyalle. Ba ta shekara biyu ba famfon ya ƙone, kuma kuɗin gyaransa bai kai na rumfunan da aka kafa ranar bikin ba. Yau tankin yana nan tsaye, allon da ke ɗauke da sunan mai girma yana ƙyalli, awaki na kwance a inuwarsa, mu kuwa muna jiran 'yan garuwa tun asuba. Da muka kai kuka, sai aka yi mana alkawarin haƙa sabuwa a gefenta!

Dalilin a fili yake, kuma ina jin ka fi ni saninsa: sauya famfo ko yashe magudanar ruwa kafin damina ba ya zuwa da allo, ba a kiran 'yan jarida, kason da ake samu kuma bai taka kara ya karya ba.

Ban ce kada a gina komai ba, garin yana faɗaɗa, kuma kwarurrukan da zaizayar ƙasa ta haƙa suna cin gidaje. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba. Abin da na nema shi ne duk aikin da za a ƙaddamar a nuna mana kuɗin kula da shi a cikin kasafi, da wanda za a kama idan ya lalace. Idan kana da lokaci ranar Asabar, ka zo in kai ka gindin tankin nan, ka taho da naka bokitin.

Wassalam,
Yayanka, tsohon mai gyaran famfo, Gombe.