A Faɗa wa Masu Kallo Yadda Aka Samo Kayan Tarihi

Ranka ya daɗe Edita,

Ina neman fili in yi magana kan gidajen adana kayan tarihi. Ɗan makaranta yakan tsaya gaban gilashi ya karanta ɗan rubutun da aka liƙa, kuma abin da ya karanta shi yake riƙewa. Me ya sa rubutun yake faɗin shekarun kaya da inda aka tono su, amma ya yi shiru kan yadda suka bar hannun masu su? Kayan tagulla na masarautar Benin ta Najeriya da ke Landan sojojin Ingila ne suka kwaso su a 1897. Mai kallo yana da haƙƙin ganin wannan a rubuce.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne gawarwaki. An baje ƙasusuwan Sarah Baartman, wata mace 'yar Afirka ta Kudu, a Paris har cikin shekarun 1970, sai a 2002 aka mayar da ita Afirka ta Kudu aka binne ta. A 2020 gidan tarihi na Pitt Rivers da ke Oxford ya janye kawunan mutane daga wurin kallo. Sauran gidajen ma su tuntuɓi zuriyar mamatan kafin su baje su.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku.